Takalmi a Hannu, a Kan Dutsen Ganuwa

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikoki, ba zan manta ranar da na hau dutsen bayan garinmu Gaya da takalmi a hannu ba.

Lokacin ina neman auren uwar 'ya'yana, mahaifinta kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai son tarihi. Ran nan sai ya aiko in kai shi kan dutse ya ga kufan ganuwar da aka ce kakanni na fakewa ciki zamanin yaƙi. Na ce yawwa, yau zan nuna tarbiyya. Muna sauka daga moto, wato babur, na tuɓe takalmi, don a gidanmu ba a tsayawa gaban suruki da takalmi a ƙafa. Na manta shaf bazara ake, ga rana tsaka.

Wayyo Allah! Duwatsun nan kamar tandar masa. Shi kuwa Baba yana tafe a hankali da sandarsa, kowane guntun bango sai ya tsaya ya ba ni labarinsa. Da muka kai sama ya nuna mini ƙasa: ga kogi, ga gada, ga kamiyo, manyan motocin kaya, sun yi layi a duwan, wato kwastan na kan iyaka, can tsallake ga garin Malanville.

"Ka gani? Daga nan ba maharin da zai ɓullo ba a hango shi ba."

"Ƙwarai, Baba," na ce, ina ɗaga wannan ƙafa ina sauke waccan.

"Rawa kake yi?"

"A'a, Baba, daɗin labarin ne."

Sai ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuna. "Sa takalminka, ɗana."

Na ce ina, wane ni! A wautata na ɗauka gwada ni yake yi. Bai yi gardama ba, ya sunkuya ya tuɓe nasa, ya taka dutsen nan da tsofaffin ƙafafunsa.

"To, mu gasu tare. Amma ka sani, ba zan ba gurgu 'yata ba."

Wallahi kunyar da na ji ta fi zafin. Na durƙusa na mayar masa da takalminsa da hannuna, sannan na sa nawa, shi kuwa yana ta dariya har da tari. Kafin mu kai gindin dutsen ya ce in turo manyana.

Kwana uku ina ɗingishi, abokaina na yi mini tsiya. Tun ranar na san ladabi ba taurin kai ba ne: in babba ya ce ka sauƙaƙa wa kanka, jin maganarsa shi ne ladabin.