Mai Kafso a Bakin Kasuwar Ƙanƙara

Yana zaune a bakin kasuwar Ƙanƙara sanye da farar riga irin ta asibiti, wuyanta ya yi baƙi ƙirin da dauɗa. Tirensa cike yake da kafso kala-kala, rana na dukansu tun safe. Da hannun da yake shan rake yake ɗibar magani. Ina jin bai taɓa leƙa bakin mutum ba, amma kowa Dakta yake ce masa, shi kuwa har da gyara hula.

Wata dattijuwa ta durƙusa gabansa, kuncinta ya kumbura har ido ya fara rufewa.

"Ɗan nan, a asibiti sun ce sai an cire haƙorin, a fitar da mugunyar."

"Haba Inna, wa ke cire haƙori yana kumbure? Sha ja da rawaya, ki fasa ɗaya ki zuba a ramin."

Ko kai bai ɗago ba. Haka wani irinsa ya yi ta ɗura wa aminina Gide, Allah ya ji ƙansa, har kumburin ya gangara maƙogwaro, numfashi ya gagara.

Tsohuwar ta ƙulle kafson a bakin zane, tana sa masa albarka da rabin bakin da ke buɗuwa. Shi kuma yana amsawa da amin.