Almakashin Goggo Asabe

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ƙofar gidanta a unguwar Titirou ta Parakou ya san ƙarar nan: ƙyas, ƙyas! Goggo Asabe ba ta gyara rubutu da jan biro kamar sauran malaman duniya. Almakashin ɗinkinta ne rataye a wuya da igiyar zane. Ka miƙa mata takardarka ta Ingilishi, ta gyara zaman tabarau, ta karanta, sai ka ga layi guda ya faɗo a cinyarta.

"Haba Goggo, kwana biyu na yi ina gina wannan jimlar!"

"Shi ya sa ta tsufa kafin ta iso."

A Jos ta yi aikin buga tafireta, wani direban babbar mota ya auro ta ya kawo ta Parakou. Ya rasu, ta zauna tana ɗinki, tana koya wa duk mai so rubutun Ingilishi: direbobin Gare, wato tashar lodi, 'yan kasuwa masu zuwa Legas, da mu 'yan makarantar Faransanci da muke ganin ilimi a kanmu ya ƙare. Ni "Mushe" take kirana, wato "Monsieur" na Faransanci, tana jan kalmar kamar mai kiran akuya.

Shekara kusan arba'in a garin nan, ba wanda ya taɓa jin Faransanci a bakinta. Ran nan wani ma'aikacin hukuma ya zo ya yi ta zuba mata shi a kan rumfar ɗinkinta. Na shiga tsakani da tafinta, ina ɗan sassautawa.

"Goggo, cewa ya yi rumfar ta yi kyau, sai dai..."

"Ƙarya kake, Mushe. Cewa ya yi ta ci hanya."

"Af! Ashe kina ji?"

"Ina ji mana. Amsawa ce ban ga dama ba."

Sabuwar takarda kuwa haramun ce a gidanta. Tsofaffin takardun lodi take sa a kwaso mata daga Gare, mu yi rubutu a bayansu. Wata rana ta karanta nawa, ta juya ɗaya gefen, ta daɗe tana kallo.

"Ka ga wannan? Albasa, daga Malanville zuwa Cotonou. Wanda ya rubuta shi ya fi ka. Ya faɗi abin da ke cikin mota, ya yi shiru."

Guntayen da take datsewa ma ba ta zubarwa. Mun daɗe muna tsammanin wuta take hurawa da su, sai da Alhaji Garba mai goro ya tambaya. Ta shiga ɗaki ta fito da matashin kai, ƙato, yana ƙaras-ƙaras.

"Turancinku ne a ciki. Wallahi ban taɓa samun maganin barci kamarsa ba. Rabinsa na Mushe ne."

To, a lokacin ni malamin wucin gadi ne a wata makaranta a Djougou, shekara shida ba gaba ba baya. Aka ce akwai kwas na malaman Ingilishi a Ghana, wanda ya samu zai zama cikakken malami, kuma shekarar ce ta ƙarshe da shekaruna za su bari in nema. Wasiƙa ɗaya suke so. Na zauna na cika shafi uku, na kwashe ƙamus kaf na zuba, na ba direban da ke zuwa Parakou ya kai mata.

Ambulan ya dawo ba nauyi. Guntaye huɗu na tarar a ciki, ta ɗinke su da keke a kan takardar lodi. Na farko: ina koyar da aji cike da yara da littafi guda. Na biyu: akwai kalmomin da nake furtawa alhali ban taɓa jin mutum ya faɗe su ba. Na uku: ina tsoron kurakuraina nake koya musu. Na huɗu sunana ne.

Ranar Asabar na hau mota da fushina.

"Goggo, ai wannan tonon asiri ne! Ina wurin da na ce na ƙware?"

"Yana cikin matashi. Shafi uku kana gaya musu kai gwani ne. To gwani me zai je yi a kwas? Wanda bai iya ba suke nema, ga ka kuwa Allah ya hore musu."

Na kwafe layukan nan, na aika. Bayan wata biyu amsa ta zo: sun ɗauke ni. Na kai mata labari, ta ce, "Madalla. Matsa, ka tare mini haske."

Kafin in dawo daga Ghana idonta ya tafi. Na rubuta mata wasiƙar godiya da Ingilishi, na zauna a bencin ina karanta mata. Almakashin na hannunta. Na ce ita ce fitilar da ta haskaka duhun jahilcina: ƙyas, a iska. Na ce tarihi ba zai manta da ita ba: ƙyas! Haka muka yi ta yi har na iso layin ƙarshe, inda na ce kawai, "Goggo, kin koya mini, na gode."

Ban ji ƙyas ba. Na ɗauka barci ya kwashe ta.

"Wannan bar shi," in ji ta.

Na san da tana raye, rabin abin da na rubuta yau da tuni yana cikin matashi. Ya Allah, ka datse mata kurakuranta kamar yadda ta datse mana namu, ka bar mata layukan gaskiya, ka san suna da yawa. Allah ya jiƙan Goggo Asabe, ya sa ta huta.