Moton da Na Auna wa Yaya Hanya da Shi

Yayana malamin lissafi ne a wata kwaleji a Yamai. Ya haura arba'in da biyar lokacin da ya sanar da mu cewa zai shiga gudun maratan, kilomita arba'in da biyu da ɗoriya, a wani babban birni na bakin teku. Ba mu yi mamaki ƙwarai ba, domin ya yi shekara shida yana gudu da safe, har ya sha zuwa na ɗaya cikin tsaransa a ƙananan tsere na cikin gari. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne ya yanka wa kansa lokaci. Awa uku da rabi, ko ƙasa da haka. Ya rubuta shi a bangon wani kaye irin na ƴan makaranta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ni ce autarmu, ina aikin sakatariya a wata ma'aikata, kuma ina da moto. Shi ya sa aikin ya faɗo kaina. Yaya ba ya da agogon nan mai auna nisa, sai wani tsoho mai ƙirga minti kawai. Ya zo gidana a Bobiel ya ce, "Auta, ran Lahadi ina son ki riƙa bina da motonki. Ki ɗauko ruwa, ki kuma duba mini kwantar." Kwantar ita ce ƴar na'urar gaban moto da ke ƙirga kilomita.

Wata huɗu muka yi haka. Ana sallame sallar asuba sai in ji shi a ƙofa yana buga ƙafa. Cikin kwandon moto akwai gora uku na ruwa da ya zuba wa gishiri da sukari, da dabino a leda, da ɗan gwangwanin man kaɗanya da yake shafawa a cinya da hammata don kada su saɓule. Mu sauko daga Bobiel gari bai gama wayewa ba, mu ratsa tsakiyar gari kafin taksi su cika hanya, mu nufi Saga. A can iska takan ɗan yi sanyi saboda fadamun shinkafa. Matan da ke fitowa da daro a ka sukan tsaya su kalle mu, namiji yana gudu mace tana binsa da moto a hankali. Wata tsohuwa ta taɓa tambayata da Zabarmanci ko laifi ya yi.

Duk kilomita biyar in danna oda, in miƙa masa gora. Ya sha kurɓa uku yana tafe, ya faɗi minti, ni kuma in riƙe a kaina. In mun dawo ya zauna a tabarma, ƙafafu cikin bokitin ruwa, ya cika kayensa. Sauran ranakun mako ba ya bukatata. Talata yana filin wasa yana zagaye da sauri yana hutawa, Alhamis yana hawan wani tudu yana saukowa, sauran kuma gudu mai sauƙi kafin ya tafi aji. Ya daina shan shayi mai yawa. Farcen babban yatsansa ya yi baƙi ya fita, ya nuna mini shi kamar wanda aka ba kyauta. Matarsa ta ce ta gaji da dafa taliya.

Lissafin kuma kullum daɗi yake ƙarawa. A wata na biyu sai kayen ya nuna yana gudu fiye da yadda ya yi zato. Ranar da ya yi kilomita talatin a karon farko, ya dube ni yana haki ya ce, "Auta, ashe tsufan bai zo ba tukuna." Na ji daɗi har raina, domin tun rasuwar mahaifinmu ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Saura mako uku tafiya, ya shirya dogon gudunsa na ƙarshe, kilomita talatin da biyu. Wannan karon wata likitar haƙori ta biyo mu. A filin wasa suka saba. Haifaffiyar Yamai ce, Hausarta ta kasuwa, kuma ta riga ta yi maratan sau biyu. A hannunta akwai agogo mai auna nisa. Ta yi gudu tare da shi har muka juyo daga Saga, sannan ta hau bayana ta bar agogon yana aiki.

Da na danna odar ƙarshe na ce talatin da biyu sun cika, Yaya ya tsaya ya dafa gwiwa yana murmushi. Likitar ta ja ni gefe, ta nuna mini agogonta. Ashirin da takwas da ɗan kai.

"Agogonki ne bai da lafiya," na ce.

"A'a, ƴar'uwa. Na gwada shi a filin wasa. Motonki an taɓa mishi wani abu?"

Nan take na tuna. Wata biyu da rabi da suka wuce na faɗa wani rami, ƙafar gaba ta lanƙwashe, mai gyara ya sa mini wata da ya ce ta wani moto ce amma za ta yi. Ta fi tawa ƙanƙanta kaɗan. Ƙaramar ƙafa tana juyawa da yawa kafin ta ci hanya, kwantar kuma juyin take ƙirgawa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Likitar ta ce, "Ke za ki gaya mishi ko ni?"

Na yi tunanin mu yi shiru. Ga shi can yana tauna dabino, yana gaisa da wani mai kalwa a bakin hanya, zuciyarsa fari tas. Na faɗa mata haka. Ta girgiza kai ta ce in ya tashi da saurin da ke cikin kayensa, kafin kilomita talatin zai zube, kuma a garin mutane.

Na jira har muka iso gida ya sa ƙafa a bokiti. Na durƙusa na ce, "Yaya, na yi maka ɓarna ban sani ba." Na kwashe duka na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ranar da aka canza ƙafar, na faɗa. Ya buɗe kayen ya juya shafuka baya har ya kai wurin, ya daɗe yana kallo. Daga wannan makon ne lissafinsa ya fara kyau.

"To," ya ce. Ya goge ƙafarsa, ya sa takalmi, ya tafi bai ci karin kumallon da na haɗa ba.

Kwana huɗu bai kira ni ba, ni ma na kasa kiransa. A biro, wurin aikina, na riƙa buga takarda ina kuskure. Matarsa ta gaya mini yana fita gudunsa, yana dawowa ya shige ɗaki.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga shi. Ya ajiye kayen a gabana. Ya bi kowane layi na makonni goma da jan alƙalami ya gyara, yadda yake wa takardun ɗalibansa. A bangon ya soke awa uku da rabi, ya rubuta uku da minti hamsin.

"Na so in sake talatin da biyun ran Lahadi," ya ce. "Likita ta ce in na yi, da gajiya zan shiga jirgi. Na yi mata gardama, daga baya na ga gaskiyarta." Ya ƙara da cewa, "Ba ke na yi fushi da ke ba, Auta. Ni da nake koyar da lissafi, na ga lamba ta yi tsalle cikin mako ɗaya ban tambayi dalili ba. Don na so ta zama gaskiya ne."

Na fashe da kuka, shi kuma ya ce in tashi in kawo masa ruwa, ba kuka ya zo saurare ba.

Lahadi biyun da suka rage gajeren gudu ya yi, da agogon da likitar ta ara masa. Duk da haka ya ce in biyo shi da gorunan.

Ranar tseren muna gidansa ni da matarsa, waya a tsakaninmu a kan tabarma. Wajen sha ɗaya ta yi ƙara. Muryarsa ta dushe har da ƙyar na gane ta. Ya ce ya gama, awa uku da minti hamsin da bakwai. Ya ce daga kilomita talatin da biyar ƙafafunsa suka zama kamar na aro, zafin garin mai ɗanshi ne ba irin namu ba, ya yi tafiya sau biyu, wani dattijo da ya girme shi nesa ya dafa kafaɗarsa ya wuce shi. Matarsa ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ya dawo ranar Laraba yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙaya. Washegari yana da aji ƙarfe takwas, kuma ajin a bene yake. Ɗalibansa suka gaya wa ƴarsa cewa da aka tashi, da baya-baya malam ya sauko, yana riƙe da ƙarfen matakala da hannu biyu, yana ce musu su wuce kada su tsaya kallonsa.