Kunnen Hagu na Bakanike

A layin gareji babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ya samu laƙabin ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran mota, hanyar aikinsa kuwa ba ta taɓa sauyawa ba: a tayar da inji, kowa ya yi shiru, shi kuma ya ɗauki doguwar sukudireba, ya dafa bakinta a jikin injin, ya kafa ƙotarta a kunnensa na hagu, ya lumshe ido. Can sai ya miƙe ya ce boris ne, ko bawul ne, idan aka kwance kuwa a tarar haka ɗin ne. Ƙaninsa, wanda suke aiki tare tun suna samari, shi ne mai hannu. Shi yayan shi ne mai ji. Da wannan kunne ya gina gida, da shi ya ilmantar da 'ya'ya huɗu.

Mutum ne mai gaskiya, bai taɓa cire lafiyayyen ƙarfe daga motar wani ya ce ya lalace ba. Sai dai kamar yawancin masu gaskiyar da suka san suna da ita, yana da saurin yanke wa wasu hukunci, kuma bai saba zargin kansa ba, domin da wuya ya yi kuskure.

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, ita ta bar masa tsohuwar laftof ɗinta da ta sayi sabuwa. Ta zuba masa finafinai a ciki, da wani wasan tseren motoci. Da farko ya ce aikin marasa aikin yi ne. Bayan mako biyu sai ga shi ranar hutu a falo, ya ɗora laftof a kan ɗan teburin shayi, yana sauya giya ba tare da ya kalli allo ba, da kukan inji kawai yake ganewa.

Matarsa ta ce, "Kwana shida kana jin inji a gareji, ranar hutun ma sai ka kawo mana shi falo? Ni na auri mutum ne ko na auri tasha?"

"Tsohuwa, wannan injin ba ya zubar da mai a kan darduma. Ki gode."

"Wa ye tsohuwar? Ka rage ƙara kafin maƙwabta su zo neman kujerar gaba."

Da 'yar ta ji labari sai ta aiko masa da hedifon, irin mai rufe kunne duka biyu. Amma kafar da ake soka shi a jikin laftof ɗin ta saki, sai ƙarar tsartsatsi take yi. Ta waya ta yi masa bayani cewa ba sai an buɗe kwamfutar ba: akwai 'yar na'urar sauti da ake jonawa daga waje, a soka ta a ɗaya daga cikin kafofin gefe, sannan a soka hedifon a jikinta.

A bakin layin garejin akwai shagon kayan waya da na kwamfuta. Mace ce ke riƙe da shi, za ta kai shekara arba'in, mai tabarau da ƙarancin magana. A gaban shagon akwai benci, nan direbobi ke zama suna jiran wayoyinsu su cika caji, nan kuma duk wani labarin layin ke sauka kafin ya bazu.

Da ya je neman na'urar, ta tambaye shi, "Baba, me za a yi da ita? Don sun bambanta."

"Fim da wasa."

"Wasan jikoki?"

"Na kakansu."

Ta yi murmushi, ta ɗauko masa wata mai fitila ja, ta ce masu wasa ita suke so, domin tana rarraba sauti: motar da ke zuwa ta hagu a ji ta a hagu, ta dama a dama. Ya kai gida, ya jona, ya sa hedifon. Dama kam, inji na kuka tsaf, har da ƙarar taya a kan kwalta. Hagu kuwa kamar an lulluɓe sifika da bargo. Ya kunna fim, sai ya ga mutumin da ke gefen hagu na allo yana motsa baki, maganarsa can ƙasa-ƙasa.

Washegari ya mayar. Ba ta yi musu ba, ta ba shi wata ta wani kamfani dabam. Ita ma haka. A komawarsa ta biyu ne ya yi abin da bai kamata ba. Benci cike yake da direbobi, ya ajiye kwalin a kan kantar shagon da ƙarfi, ya ce, "Sau ɗaya tsautsayi ne, sau biyu kuwa hali ne. 'Yata, idan jabu kike sarowa ki faɗa wa mutane, kowa ya san abin da yake saya."

Ta ce, "Baba, ban taɓa sayar da jabu ba."

"To kunnena ne ke ƙarya ke nan?"

Direbobin suka kwashe da dariya, domin a wannan layi babu tambayar da ta fi wannan sauƙin amsa. Ya kamata a lura da nauyin abin da ya faru. Da wani ne ya yi zargin, da an ce ra'ayinsa ne. Amma wanda ya yi shi mutum ne da aka yarda da jinsa fiye da yadda aka yarda da na'urar gwaji, don haka maganarsa ta zama hukunci. Kafin mako ya zagayo an raɗa wa wurin suna shagon kunne ɗaya. Masu caji suna zuwa, amma mai neman sifika ko hedifon sai ya wuce gaba.

Ita ce ta aika masa cewa ya zo da laftof ɗin da hedifon ɗin, kuma ya zo da safe kafin layi ya cika. Ya zo yana shirin jin haƙuri. Ta jona mai fitilar da ya fara mayarwa, ta sa hedifon a kanta, ta kunna wani gwaji da ke buga ƙararrawa a hagu sannan a dama. Ta saurara sau biyu, ta cire, ta miƙa masa. Ya sa, ya ɗaga yatsa.

"Ga shi nan. Hagu a mace."

Ta gyara tabarau, sannan ta ce, "Baba, in tambaye ka wani abu na sana'arku? Idan inji yana tsallake, kana zargin fulogi, yaya kake tabbatarwa?"

"Wannan ai ko ɗan koyo ya sani. Sai ka sauya masa gurbi. Idan ciwon ya bi fulogin, fulogin ne. Idan ya zauna inda yake, to a jikin injin yake."

"To juya hedifon ɗin. Na dama ya koma hagu."

Ya juya, yana ƙunƙuni. Ta sake kunna ƙararrawar. Ɓangaren da ya rantse a mace yake, yanzu da ya sauka a kunnensa na dama, sai ga shi yana kaɗawa tangararau. Wanda ya ce lafiya lau yake kuwa, da ya koma hagu, ya shiga cikin bargo. Ya sake juyawa da kansa, ya kuma juyawa. Ciwon bai bi hedifon ba.

Ya cire hedifon ya ajiye. Dalilin da ya sa bai gane ba tun tuni a fili yake, kuma shi da kansa ya warware shi a ransa: a falo ko a gareji kunnuwa biyu tare suke aiki, lafiyayyen yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Hedifon ne ya raba su, ya tsayar da kowanne shi kaɗai. Ya tuna sau nawa a bana ya ce wa ƙaninsa ya ƙara wuta don injin ya ɗaga murya, ya ɗauka motocin yanzu ne ba su da kuka.

Mai shagon ta mayar da mai fitilar cikin kwali, ta ɗauko wata baƙa, maras ado, mai abin murɗa ƙara a samanta da kafar hedifon biyu. Ta shiga saitin kwamfutar, ta haɗe sautin hagu da na dama ya zama ɗaya, yadda duk abin da aka faɗa a fim zai iso kunnensa na dama.

"Wannan ce taka, Baba. Ba ka buƙatar mai rarrabawa. Kafa ta biyun kuma ta Mama ce, in tana so ku kalli fim tare. Amma kar ka murɗe ta har ƙarshe, wanda ya rage shi za ka lallaɓa. Kuma ka je asibiti, wataƙila akwai abin da za a yi."

"Kin san abin da na ja miki?"

"Na sani. Ba mai jin wannan daga bakina. Ka ce musu ta ukun ta yi, shi ke nan, magana za ta mutu da kanta."

Tayin alheri ne, kuma kwana uku ya yi yana juya shi. Idan ya ce ta ukun ta yi, bai yi ƙarya da baki ba. Amma mai sauraro zai fahimci cewa biyun farko jabu ne, wato zargin yana nan, an dai yi masa kwalliya. Babu hanyar wanke ta sai a faɗi inda ciwon yake, faɗin hakan kuwa a gaban direbobi daidai yake da ya tsaya a ƙofar garejinsa ya ce jarinsa ya ƙare. Ya gaya wa kansa cewa ita shagonta zai farfaɗo, shi kuwa shekara sittin ba lokacin sake sana'a ba ne. Sai kuma ya ga cewa wannan hujja ce ta wanda ke son wani ya ɗaukar masa kayansa don kawai ya fi shi ƙarfin wuya.

A rana ta uku ya faɗa wa matarsa, suna zaune a falo da yamma. Ba ta ko ajiye ɗinkin da ke hannunta ba.

"Sai yau ka sani? Shekara biyu ke nan da na daina zama ta hagunka. Ka ɗauka kujerar nan daɗi gare ta?"

"Kika yi shiru?"

"In ce wa Kunne ba ya ji? Ina son zaman lafiya. Yanzu dai ka je ka goge wa baiwar Allah abin da ka shafa mata."

Ƙaninsa ya so ya hana shi. "Yaya, ka ba ta haƙuri a ɓoye mana. Ni zan riƙa saurara maka, ba wanda zai gane."

"A ɓoye na zage ta?"

Ya zaɓi lokacin da benci ya fi cika, bayan an tashi daga lodin rana. Ya tsaya a inda ya tsaya wancan karon. Wani direban bas mai barkwanci ya ce, "A gyara, mai duba gari ya iso. Yau kuma wane kunnen ne ya mutu?"

"Nawa," in ji shi. "Na hagu."

Aka fara dariya, sai aka ga fuskarsa, dariyar ta tsaya.

"A nan na ce matar nan tana sayar da jabu. Kayanta lafiya lau suke, na farko da na biyu duka. Kunnena ne ya yi rauni ban sani ba, ita ta gano, kuma ta ce za ta rufa mini asiri. Wanda ya kai waccan maganar wani wuri, ya taimaka ya kai wannan ma." Ya juya wajenta. "'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba. Da ma ba sai ka..."

"Sai na yi."

Direban bas ɗin ya sosa ƙeya. "To Baba, mu da motocinmu fa?"

"Daga yau ba motar da za ta fita a kan jina ni kaɗai. Zan ji da na dama, ƙanina ya ji, in ba mu daidaita ba a kwance a duba. Wanda hakan bai yi masa ba, gareji da yawa, ba zan riƙe shi a zuciya ba."

Wasu sun tafi, ba za a ɓoye ba. A cikinsu har da waɗanda ya yi wa aiki shekara ashirin, kuma hakan ya yi masa zafi fiye da yadda ya nuna. Likita ya tabbatar masa cewa na hagun ba zai dawo yadda yake ba, ya kuma umarce shi da toshe na daman duk lokacin da ake bugun ƙarfe. Garejin ya ragu, amma bai rufe ba. Shagon bakin layi kuwa ya koma cinikinsa cikin wata guda.

Direban bas ɗin yana cikin waɗanda suka zauna. Da aka tambaye shi dalili a kan benci, cewa ya yi shi bai san komai a kan kunne ba, amma ya fi son ya bar motarsa a hannun mutumin da in ya yi kuskure zai zo da ƙafarsa ya faɗa.