Etelka Mai Aurar da Inabi

Shekarata arba'in da shida lokacin da kawuna Kálmán ya rasu ya bar mini gonar inabinsa a gangaren dutsen Badacsony, inda ake hango tafkin Balaton daga bakin ƙofa. Kafin nan direban bas ne ni a Veszprém. Na ajiye aiki, na yi kwas na wata uku kan haɗa farar giyar inabi, na hau dutse ina jin na gama sanin komai.

Maƙwabciyata ta sama Inna Etelka ce, wata gajeriyar tsohuwa mai ƙaton hannu. A nan ƙauyen aka haife ta. Tana shekara sha biyar ta shiga aikin gonar gwamnati, ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi wa inabi aski tana aurar da dashe, wato haɗa reshen wani iri a kan saiwar wani. An ce a rana guda takan haɗa dashe ɗari shida, da wuya goma su mutu. Mijinta Vince yana aiki a jirgin fito, ya rasu da wuri, ita kaɗai ta raini 'yarsu. Da aka wargaza gonar gwamnati sai ta samu layi tara na inabi a bayan gidanta. Giya kuwa ba ta sha, ta ce ciwon kai take sa ta. Ɗanɗanawa take yi ta tofar, amma duk mai gangar giya a ƙauyen sai ya kawo mata kofi kafin ya zuba a kwalba.

Rabin gonar kawu wani tsohon iri ne da muke kira kéknyelű, wato mai shuɗin kara. Giyarsa fara ce, tana ƙamshin furen lemo, kuma saboda ita baƙi suke hawowa. Amma bayan kowane layi biyu kawu ya saka layi ɗaya na wani iri da ake kira koren Buda, wanda giyarsa tsami gare ta. Na ga asarar fili ce kawai. A watan Fabrairu na ɗauko hayar tarakta na fara tumɓuke su.

Inna Etelka ta leƙo ta kan katangar dutse.

"Direba, me waɗannan suka yi maka?"

"Inna, ba su da amfani. Mai shuɗin kara zan cika wurin da shi."

"Ba a cire su. Kálmán ba mahaukaci ba ne."

"Zamani ya canza, Inna. Na yi kwas."

"Af, ka yi kwas," in ji ta. "To Allah ya ba da sa'a. Wannan tarin rassan ƙonawa za ka yi?"

Na ce ta kwashe in tana son itacen hura wuta. Ta yi sawu huɗu da baro.

A watan Yuni gonar ta yi fure kamar ba gobe. Bayan mako biyu furen ya zube, aka bar ni da kara tsirara, nan ƙwaya uku, can ƙwaya biyar. Na yi feshi, na ƙara taki, na zargi iska. Daga ƙarshe na cire hula na hau gidanta. Na same ta tana yanka albasa a kan burodi mai kitse.

"Zauna," ta ce. "Ka taɓa ganin garin da mata zalla suke haihuwa?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"Mai shuɗin kara furensa mace ne kawai. Sai iska ta kwaso masa ƙurar furen wani. Mazan ka tumɓuke, Dezső, ka kuma biya tarakta."

Na ce me ya hana ta faɗa mini haka tun farko. Ta ce ta fara, kwas ya tare ta. Sai ta ja ni bayan gida. Tsakanin wake da tumatir akwai 'yan dashe a jere, ɗari da arba'in, kowane da ganye huɗu ko biyar. Rassan da na ba ta ne. Ta binne su cikin yashi mai danshi har sanyi ya wuce, ta aurar da su a kan saiwa mai ƙarfi, ba ta ce wa kowa komai ba.

"Irin Kálmán ne," ta ce. "Ni na haɗa masa su da hannuna shekarar da aka haifi 'yata. Ba zan tsaya ina kallo a ƙone su ba."

Muka dasa su da bazara ta zagayo. Sai dai dashe ba ya fure sai ya shekara uku, ni kuma ba ni da abin da zan zuba a ganga kafin nan. Ita ta samo dabara. Cikin layukanta tara, uku koren Buda ne. Kowace safiya ta makon fure, da raɓa ta bushe, sai ta yanko furen nata ta cika kwando, mu bi layukana muna kaɗa shi a kan nawa, ɗaya bayan ɗaya. Duk furen da ta yanka inabin da ba za ta girba ba ne. Na faɗa mata haka.

"Ni da ba na sha?" ta ce. "Kaɗa a hankali, ba birki kake takawa ba."

Haka muka yi shekara uku. Tana da shekara saba'in da biyu a lokacin, gwiwoyinta suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma ba ta fasa ko safiya ɗaya ba. Ta koya mini riƙon wuƙar aurar da dashe, ta sa na ɓata rassa fiye da ɗari kafin ta ce na fara zama mutum. Giyar shekarar farko ganga biyu ce kacal. Na kai mata kofi, ta juya shi a baki, ta tofar a gindin bishiya.

"Ka yi gaggawar girbi da kwana huɗu. Amma ba za ka ji kunya ba."

Na so in sa sunanta a jikin kwalba, ta hana. Ta ce in dai ina son yi mata wani abu, in gyara matakalar dutsen da ke hawa gidanta, in sa mata ƙarfen dafawa. Na yi, ni da matata Ilka, cikin kwana shida.

Bara 'yarta ta zo daga Graz ta tafi da ita, domin likita ya ce kada ta ƙara yin lokacin sanyi ita kaɗai. Ta bar mini mabuɗin gida da layukanta tara in kula da su. Ranar Lahadi takan kira ta tambayi ko an yi ruwa, ko tsuntsaye sun fara sauka. A watan Satumba Ilka ta shirya mata inabi a kwali muka tuƙa awa uku muka kai mata. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga ƙasan nonon inabin, ta tauna har da ƙwallon, ta ce mu koma gida mu jira Alhamis. Muka ci miyar kifi da ita, muka juyo, ranar Alhamis muka fara girbi.