Baƙin Ƙyallen Warsiti

Warsiti ko firamare ba ta gama ba. Shekara tara tana wanke kwalabe a ɗakin gwajinmu a garin Solo, ni kuwa Darmi, da difilomata, ina auna ƙafar ɓeraye. Aikin ke nan: a kumbura wa ɓera ƙafa da allura, a ba shi ruwan saiwa, a ga ko kumburin zai sauka.

Shekarar da aka ce za a ɗauki mutum ɗaya tak aikin dindindin na haɗa saiwoyi, shugabarmu Bu Ningrum ta sa a gwada gangamau. Na yayyanka nawa na zuba a tanda, na ƙure wuta don in riga kowa. Sauri ya haifi nawa, kumburin ko gezau. Warsiti ta kwashi ragowar ta shanya a saman gini, ta lulluɓe da baƙin ƙyalle, yadda uwarta mai tallan jamu, tsimin garinmu, take yi. Na yi mata dariya har da riƙe ciki.

"Mbak Darmi, saiwa ba ta son gaggawa," in ji ta; Mbak a garinmu kamar a ce Yaya ne. "Halinku ɗaya, sai da lallashi."

Na zuba nata a kwalba ta biyu na gwada, ya sauke kumburin kusan rabi. Abin ya tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba. Macen da ba ta iya rubuta sunan saiwar ba, in ina kallon yatsunta rawaye sai in kau da kai.

Da Bu Ningrum ta tambayi wanda ya shirya kwalba ta biyu, Warsiti tana bakin famfo tana jinmu. Na ce ni ce. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na samu aikin. Bayan wata biyu Warsiti ta ajiye wankin kwalabe ta ɗauki kwandon jamun uwarta. Yanzu kowace safiya malaman ɗakin gwajin layi suke yi a gabanta a bakin ƙofa, har da Bu Ningrum da ciwon gwiwarta.

Sau uku ina shanya a ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ƙafar ɓeraye na nan a kumbure. Akwai abin da take yi wanda ban gani ba, don ban taɓa tambaya ba. Jiya Bu Ningrum ta ce in maimaita gwajin a gabanta kafin ƙarshen wata. Yau na shiga layin. Warsiti ta miƙo min kofin jamu da fara'arta, ta tambayi lafiyar ɓerayena. Na shanye, na kasa tambayarta.