Kujerar Baffa da Jan Biron Baba

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare guda, kusan ma a aji guda, wanda tagarsa ta baya ba ta rufuwa sai an tokare ta da littafi. Ɗalibai suna kiransa Malam Me-ya-sa, don duk amsar da ka ba shi, ko daidai ce, sai ya karkata kai ya ce, "Me ya sa?" A gida ma haka yake. Idan Umma ta ce ruwa zai sauko a kwashe shanya, sai ya tsaya tambayarta hujja, kayan suna jiƙewa. Mutum ne mai gaskiya da tsabta, aljihun rigarsa kullum da garin alli da jan biro. Ban taɓa sanin yana da ƙyashi ba sai da na kai shekara ashirin da shida, lokacin da ƙanensa ya yi suna.

Ƙanen nasa, Baffa, aski yake yi. Shagonsa na ƙasan wani bene a bakin titi, da madubi biyu, da benci, da wata tsohuwar kujera mai juyawa wadda fatarta ta tsage ya manne ta da salatif. Baba ya girme shi da shekara takwas. Mahaifiyarsu ta rasu Baba yana da sha ɗaya, Baffa yana da uku, kuma ko hotonta ɗaya babu. Baba ne ya yi ta jan Baffa zuwa makaranta har ya gaji, don a aji huɗu Baffa ya ajiye jaka ya ɗauki almakashi. Tun daga nan, idan ana maganarsa, Baba yakan ce, "Yaron kirki ne, kai ne dai babu." Yana faɗar haka cikin tausayi, kuma ina jin tausayin yana yi masa daɗi.

Baffa ba ya aski shiru. Labari yake ba ka tun daga ƙeya har goshi, ya katse shi daidai inda ya fi daɗi, sai ka dawo bayan sati biyu. A cikin labaransa akwai na wani mai aski da ya gano cewa idan ya juya kujerarsa hagu sau ɗaya, wanda ke kai zai koma baya shekara guda. Mutane suka fara zuwa shagon Baffa ko da kawunansu a aske suke ƙwal, don kawai su ji ci gaba. Wani ma'aikacin gidan rediyo da ke aski a wurin ya matsa masa ya rubuta. Aka riƙa karantawa duk Asabar da hantsi, bayan shekara aka buga littafi.

Da farko Baba dariya ya yi. Dariyar ta tsaya ranar da wata ɗaliba ta ɗaga hannu ana tsakiyar darasi ta ce, "Malam, wai da gaske kai ne yayan mai littafin kujera?" Ajin ya kaure da surutu. Yaran da ya shekara yana roƙo su yi tambaya, ranar kowa hannunsa a sama. Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya zauna a falo da takalmi a ƙafa yana cewa, "Shekara talatin ni ne Malam. Yau na koma yayan wani."

Baffa ya kawo masa littafin kyauta, ya ce ba shi da lokacin tatsuniya. Bayan kwana uku na gan shi da wani kwafin da ya saya da kansa a ɓoye, ya naɗe shi da jarida, yana bin sa layi-layi da jan biro kamar takardar jarrabawa. A kan tebur kuwa mu muka zama ɗalibansa.

"Ku saurara," in ji shi, yana nuna mu da cokali. "Zuwa gaba yana yiwuwa. Idan mutum ya yi gudu mai tsanani, kusa da gudun haske, agogonsa zai yi jinkiri a kan namu. Ya yi shekara ɗaya a tafiya, ya dawo ya tarar mun yi shekaru. An gwada da agoguna masu auna lokaci daidai a jirgin sama, an ga bambancin, ko da yake ɗan mitsitsi ne. Wannan ilimi ne. Amma komawa baya? Babu wanda ya taɓa nuna hanyarsa."

"To ai labari ne," in ji Umma.

"Ƙarya ce aka yi mata bango. Duniya tafiya take, rana ma tafiya take. Ka koma baya shekara arba'in kana zaune a wuri ɗaya, a ina za ka sauka? A sarari, babu ƙasa babu iska, kai da kujerarka. Sannan in ka je ka hana iyayenka haɗuwa, wa ya haife ka da har za ka je?"

"Ni dai na yi kuka a babi na tara," Umma ta ce, tana kwashe kwanuka.

Ya bi ta da kallo kamar ta mare shi. Bai san ta karanta ba.

Ana nan sai gidan rediyon suka gayyace su tare, marubuci da masanin kimiyya, a tattauna ko abin zai yiwu. Baba ya yi sati yana shiri. Ya cika shafi biyar, ya sa Umma ta goge masa riga sau biyu, ya ce mana yau za a raba gaskiya da shirme. Muka kewaye rediyo a falo. Mai gabatarwa ya yi minti goma yana yabon Baffa, sannan ya ce, "Muna kuma tare da yayan marubucin." Ko Malam bai ce ba. Baba ya fara bayanin agogo da haske, yana cikin shafi na farko aka ce a dakata a ji talla. Da aka dawo sai aka buɗe layin waya. Mutum goma sha huɗu suka kira, na ƙirga, duk Baffa suke nema. Wata mata ta ce da kujerar gaskiya ce da juyi biyu kawai take so, ta ga mijinta. Wani tsoho ya tambayi ko za a iya juya ta dama. Can Baffa ya ce, "Ni fa duk abin da na sani a duniya Yaya ne ya koya min." Umma ta dafe kai ta ce, "Shi ke nan, ya ƙarasa shi." Ta san mijinta. Da zaginsa Baffa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Bayan wannan ya daina zuwa shagon. Ya koma aski wurin wani da ke kusa da makaranta, wanda yake yanke masa kunne. Idan motar haya za ta bi ta titin Baffa, sai ya sauka ya canza wata. Ya kuma sayi sabon littafin rubutu mai bango baƙi, ya ce zai nuna wa mutane yadda ake rubuta irin wannan labari ba tare da an ci mutuncin ilimi ba. Wata biyu yana yi duk yamma bayan ya tashi daga aiki. Labarin wani matuƙi ne da ya shiga jirgi mai gudun gaske, ya dawo ya tarar an yi shekara saba'in. Lissafin ciki babu kuskure ko ɗaya, har da jadawali. Ya karanta mana ranar wata Lahadi. Da ya gama sai Umma ta ce, "To Malam, me ya je yi?"

"Ina?"

"Can inda ya je. Wa ya aike shi? Wa ya bari a gida?"

Ya tashi ya jefa littafin a durowar da muke ajiye tsofaffin caja da makullan da ba a san ƙofarsu ba.

Ashe duk wannan lokaci bai wuce babi na shida a littafin Baffa ba, don gyaran kurakurai yana cin lokaci. Ranar da ya isa babi na tara ina gida, na dawo daga aikin safe a asibiti. A babin ne mai askin ya hau kujerar da kansa, ya sa aka juya shi sau arba'in, ya je ya ga mahaifiyarsa. Tana tsaye a bakin ƙofa tana ƙirga 'ya'yanta ta hanyar taɓa kawunansu. Tana rufe baki da bayan hannu in za ta yi dariya. A babban yatsanta na hagu akwai tabon ƙuna. Na ga Baba ya ajiye biron a hankali. Ya sake karanta shafin, ya miƙe ya sa hula, ya ce, "Ɗauko makullin motarki ki kai ni shagonsa."

Muka tarar da mutum uku a benci. Baffa na ganin fuskar yayansa ya ba su haƙuri ya sallame su. Baba bai zauna ba.

"Wa ya ba ka izinin sa uwata a littafi?"

"Uwarka, Yaya?"

"Ƙirga kawuna, ni na faɗa maka. Dariyar, ni na faɗa maka. Kana kuka kana tambayata yadda take, nake ba ka. Ka kwashe ka sayar wa gari. Yanzu mata suna kuka a rediyo, ana cewa kai ka san uwa. Kai da ko muryarta ba ka riƙe ba!"

Baffa ya ajiye almakashi a kan shiryayye. Ban taɓa ganin sa ba murmushi ba sai ranar.

"Gaskiya ne, ban riƙe ba. Kai ka yi shekara sha ɗaya da ita. Ta yi maka wanka ka sani, ta dake ka ka sani. Ni sai abin da ka ga dama ka sammin, shi ma sai ranar da kake cikin nishaɗi. Tun ina yaro nake jin haushinka a kan wannan, ban taɓa faɗa ba. Ka ɗauka don ilimi na ƙirƙiri kujerar? Na san ba ta zuwa ko'ina. Kullum a kanta nake cin abinci."

Na zaci za su rungumi juna. Ba haka Baba yake ba. Sai kawai ya ce, "Kuma ka yi kuskure. Tabon a hannun dama yake."

"Hagu ka ce min."

"Dama."

"Yaya, hagu ka ce. Har ka kama yatsana ka nuna min wurin."

Baba ya ɗaga hannayensa biyu yana kallo, ya juya wannan ya juya wancan. Ya daɗe a haka. Sai ya juya ya fita ya shiga mota. Mun yi nisa kafin ya yi magana, kuma ba da ni yake ba sosai. Ya ce, "Da can ina ganinta sarai. Yanzu in na rufe ido, ta littafinsa nake gani." Babu wanda za a tambaya, duk waɗanda suka san ta sun rasu. Wannan ya fi rediyon ci masa rai nesa ba kusa ba.

Sun yi wata biyar ba sa magana sai gaisuwa. Baffa ne ya fara zuwa, da damin takardun littafi na biyu a leda, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ka duba min, kada in sake jin kunya." Baba ya ce ba shi da lokaci. Ya riƙe takardun sati uku, ya mayar da su da gyara sittin da bakwai. Baffa ya karɓi goma sha ɗaya. A littafin, in mutum ya koma baya ba ya iya taɓa komai ko a ji muryarsa, kallo kawai yake yi, kuma wannan shawarar Baba ce. Masu karatu suka ce wannan dabara ita ce ta fi komai taɓa zuciya, suka yi ta yabon basirar Baffa. Sunan Baba yana shafin godiya, na uku, bayan mai buga littafi da ma'aikacin rediyo. Ya nuna min da farce ya ce, "Kin ga girman harafin?"

A shekarar da ya yi ritaya ɗalibai suka haɗa masa walima a ɗakin taro. Aka yi jawabai masu kyau, tsofaffin ɗalibansa har da likitoci da injiniyoyi suka zo. Yana ta murna, har aka ga Baffa ya shigo ya zauna a baya, yara suka yi layi da littattafai a sa musu hannu. Baba ya ƙarasa jawabinsa yana kallon layin.

Yanzu ya kusa saba'in. Yana koyar da yaran unguwa a baranda kyauta, ya kuma koma aski wurin ƙanensa duk sati biyu. Suna musu tun daga zama har tashi. Wani lokaci yakan saki ɗan labarin mahaifiyarsu, amma sai ya fara ɗaga yatsa ya ce, "Wannan ba na littafi ba ne." Baffa ya ce to, Baba kuma ya yi ta kallon hannunsa ta madubi ko zai ɗauki biro.

Watan jiya ina gwada masa hawan jini na tambaye shi, da a ce komawa baya yana yiwuwa, zai je?

"Ba ya yiwuwa."

"Na ce da a ce, Baba."

Na cire masa abin awon daga hannu. Sannan ya ce, "Zan je. Ni kaɗai. In na dawo kuma ba zan faɗa wa Baffanki komai ba." Ya sauke hannun rigarsa, ya tambaye ni nawa awon ya nuna, na faɗa masa, ya ce in sake gwadawa a ɗaya hannun.